Ɗigo, Gicciye, Kibiya

Jikata Kadri ce ta zo da shi daga Tallinn,
littafi mai bango ruwan toka, babu layi a ciki,
sai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono a faranti.
Ta ce, "Kaka, doka uku ce, ba wuya:
abin da za ka yi, ɗiga masa ɗigo;
in ka gama, gicciye;
in ya gagara, ja masa kibiya ya tsallaka wata na gaba."
Na ce, shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Tartu,
ban taɓa rubuta inda zan tsaya ba.
Ta yi dariya, ta bar mini alƙaluma huɗu.

Satumba.
Tsinke tuffa kafin tsutsa ta riga ni. Gicciye.
Faskare, a jera shi a rumfa. Gicciye, da ciwon baya.
Mayar wa Ülo tsaninsa da na ara tun bara. Gicciye, da gori.
Sauke rigar sanyin Salme daga ƙusa.
Kibiya.

Na manna jan ganye a gefen shafi,
kwana uku ya koma kalar shayi.
Na zana naman kaza, Kadri ta gani a waya,
ta ce lemar ta yi kyau.

Oktoba ta shigo da ruwa a aljihu.
Kowace yamma nakan cika 'yan gidaje da rawaya,
gwargwadon daɗewar rana a gari.
Shafin ya zama matakala mai gangarawa,
kullum sai an sace mini taki guda.
Ni kaka, a waje ma kaka,
dukanmu kakkaɓe ganye muke yi.

Ran huɗu ga wata, a bakin Emajõgi,
gauraki suka wuce ta kaina suna ta surutu,
sun jeru kibiya, bakinta kudu.
Na ce, ashe ku ma ɗagewa kuke yi,
abin da ya ƙi a nan ku kai shi wani shafi.
Na dawo gida, rigar tana nan,
kafaɗunta riƙe da siffar mai ita.
Kibiya.

Nuwamba ba ta son launi, baƙin alƙalami ya ishe ta.
Daren biyu ga wata, da ake kunna kyandir a taga
don waɗanda suka riga mu,
na sauke rigar, in duba ko asu ya taɓa ta.
Don haka kawai.
A aljihun hagu: tikitin bas, layi na huɗu, layina,
alewar na'ana'a guda, ta manne da ledarta,
da takarda ninki biyu, da rubutunta mai jinginewa:
madara,
shuɗin zare,
maganin Endel,
a ce wa Endel ya gyara ƙusar nan, tana girgiɗi.
Uku ta soke.
Na huɗun ba ta kai ga faɗa mini ba.

Na nemo guduma da tsakar dare.
Bugu uku, har karen Ülo ya amsa.
Na mayar da rigar, na ja ta, ƙusa ta tsaya.
Takardar na manna a tsakiyar Nuwamba,
na yi wa na huɗun gicciye, da hannuna, a madadinta.
Nawa ɗigon kuwa, ban soke shi ba, ban tura shi ba,
na zagaye shi da ragowar rawaya.

Gari ya waye da dusar ƙanƙara,
lambu ya zama sabon shafi,
hankaka ya riga ni ɗiga nasa.
Kadri ta kira: "Kaka, kana dai bin doka?"
Na ce, "Ina bi.
Har na ƙara ta huɗu."